Ƙafar Inna da Kwalbar da Kika Aiko

Boholad, ta Erigabo
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Saharla,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Diriye da yara, ya tsare ku daga sanyin nan na Miniyafolis da kika ce yana shiga har cikin haƙora. Allah ya sauƙaƙa miki aikin tsofaffin da kike kwana kina dubawa, ya ba ki ladan ɗawainiyar da kike yi da mu. Mu nan sai godiya. Ɗan ruwa ya sauka a kan dutse, awaki sun fara murmurewa. Matar Kawu Jama ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Dahabo, sunan uwarsa, duk da mai jegon ta ce gida ɗaya ba ya ɗaukar Dahabo biyu. Gwaggo Timiro tana nan da bakinta yadda kika bar shi, haƙoran ne kawai suka ragu.

Za ki yi mamakin ganin rubutu daga wurina maimakon kira. Kin san ni. In na kira ki, kafin mu gama gaisawa na riga na faɗi abin da zai sa ki kashe waya, sai in sauko daga tudun da ake samun layi ina zagin duwatsu. Shi ya sa na ari biro na zauna. Takarda ba ta katse mutum, kuma in na rubuta abin da zafinsa ya yi yawa ina iya soke shi. Na soke da dama, za ki gani in na ɗauki hotonta na turo. Ki daure ki kai ƙarshe kafin ki yi fushi. Kuma tun yanzu in sauke miki wani nauyi: ba kuɗi nake nema ba. Maganar ƙafar Inna ce.

Kin tuna ƙayar da ta soke ta a babban yatsa kafin in hau dutse aikin tsagar itatuwan lubban, ƙaron turare. Ɗan ciwo ne da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma kin san jikin mai suga. Na tafi na bar ta tana wanke shi da ruwan gishiri. Na yi watanni a can sama tare da 'ya'yan Kawu, muna kwana a kogo, muna bin itatuwa a bakin rami, mu tsaga, mu jira ƙaro ya fito ya bushe, mu kankare, mu sake tsagawa. Shinkafa da shayi yau, gobe shayi da shinkafa. A can ne mai hawo mana da ruwa ya ba mu labari wai 'yar Inna ta Amirka ta aiko da magani, man lubban a kwalba, kuma duk matan gari sun je sun shinshina. Na yi dariya har na kusa sakin igiya. Abin da nake rataye a kan dutse ina kankarowa, shi ne ya je ya yi yawon duniya ya dawo cikin kwalbar da ba ta kai yatsana tsawo ba, har ana cire takalmi a shiga a gaishe shi. Amma na ji daɗi a raina, wallahi. Na ce ko ba komai tsohuwa ta sami abin nunawa.

Da na sauko na tarar tana salla a zaune, ƙafar naɗe da tsumma, an ɗora safa a kai cikin wannan zafi. Na tambaya, ta ce sauƙi ya samu, ciwon ma ya daina gaba ɗaya. Ta sa na saurari saƙon muryar da ta aika miki, inda take cewa man ya warkar da ita kamar an share da hannu. Daga baya na hau tudu na ga inda kika sa shi a shafinki na sayar da mai. Na ga abin da kika rubuta a ƙasa, cewa mahaifiyarki da ke duwatsun Sanag da shi ta warke. Na ga matan da suka yi ta rubuta masha Allah suna tambayar farashi. Na yarda, Yaya, ni ma na yarda. Gwaggo Timiro ce ta tare ni a bayan garken awaki ta riƙe mini riga. Ta ce wai ni mai ji da karatu, mai karanta buhu da gwangwani da duk takardar da iska ta kwaso, ashe fuskar uwata ce kaɗai ban iya karantawa ba? Ta ce in je in kwance tsumman nan, in kuma aka tambaye ni ban gan ta ba.

Inna ta hana. Ta ce ƙafarta ce ba tawa ba, in je in sami mata in riƙa kwance mata tsumma. Na durƙusa na kwance tana dukan bayana da tasbaha. Yatsan ya yi baƙi, Yaya. Fatar da ke kewaye da ciwon ta yi fari ta saluɓe kamar an kwara mata tafasasshen ruwa. A tafin ƙafar kuma akwai wata ƙuna zagayayya wadda babu ita sa'ad da na tafi. Na ɗauki hoto, amma ba zan turo miki ba sai in kin ce ƙarya nake.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce kin gaya mata ta sirka shi da man riɗi, ɗigo kaɗan a cikin cokali. Gaskiya ne, na ji saƙon da kunnena, har sau biyu kika maimaita. Amma wa kika gaya wa? Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta da idonta a rumfar tsinta, tana fitar da ɓawo da tsakuwa daga lubban, tana ware mai haske daga mai duhu. Matar da ta taɓa watsa wa dillali kwando a fuska don ya ce ta ɗan zuba ƙaron wani itace a gindin buhu. A wurin Inna, duk wanda ya haɗa lubban da wani abu ɓarawo ne, ko da zuma ya haɗa. Ta ce wa Gwaggo wai kin daɗe a waje har kin manta, ko kuma kina so kwalbar ta yi auki ne, ita kuwa ba za a yi wa lubban algus a ɗakinta tana raye ba. Sai ta riƙa tsiyaya shi tsantsa a cikin ciwon, safe da yamma, ta ɗaure tam. Ta riƙa ɗiga shi a shayi, kamar yadda muke jiƙa ƙaro mu sha in ciki ya ɓaci. Bayan haka sai ta ɗora ƙafar a kan kaskon turare, yadda take turara tulu da akushin madara, wai hayaƙi ya ƙarasa aikin. Ƙafar da suga ya riga ya kashe wa ji! Garwashi ya ci tafin tana zaune tana hira. Wannan rashin jin zafin shi take kira warkewa, shi ta aiko miki a saƙo, shi kika sa wa duniya.

Na yi ihu, ba zan ɓoye miki ba. Na ce mata wannan ba lubban ɗin da ta sani ba ne, dafa shi aka yi aka tatse tururinsa, abin da zai cika kwando aka matse a 'yar kwalba, ya fi ƙarfin ɗanyen nama. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wai ni ɗan jiya, da ranar da na faɗo duniya da lubban ta turara ni, yau ni zan koya mata lubban? Ta ce karatun da ba malami shi ya fi lalata yaro. Ta ce baƙin ciki nake don ba ni na kawo ba, ni da ba na kawo komai sai ƙura da faso a hannu. Nan bakina ya kuɓuce, na ce mata 'yarta ta mai da ita allon talla. Ta juya fuska ga bango. Tun ranar ba ta karɓar abinci daga hannuna, sai na ba Gwaggo ta miƙa mata, ta ci tana cewa girkin Timiro ya gyaru.

Kada ki ɗauka ina cewa manki ba shi da amfani. Na zauna a kan tudu na karanta duk abin da wayata ta iya buɗewa, kalma bayan kalma, da ɗan Turancin da na tsinta. Masu sayarwa sun ce yana maganin komai, mutuwa kaɗai suka bari, ita ma ina jin mantawa suka yi. Waɗanda ba su da abin sayarwa sun fi taka-tsantsan. Sun ce ƙamshinsa yana kwantar da rai, in an sirka shi ana shafawa a gaɓoɓi masu ciwo, sauran kuma ana kan dubawa. Ni kaina na sirka shi yadda kika ce na shafa a kafaɗar da igiya ta ci, na ji daɗi, na yi barci mai nauyi. Amma ko cikin maƙaryatansu ban ga wanda ya ce a zuba shi tsantsa a buɗaɗɗen ciwon mai suga ba. Ke ma ba ki ce ba. Abin da kika ce shi ne yana gyara fata yana taimakon masu suga, kika faɗa da muryar nan taki mai daɗi. Inna ta riƙe wannan, ta zubar da maganar man riɗi.

Ibado, ma'aikaciyar lafiyar da ke zagaya ƙauyuka da mota, ta biyo ta nan. Da ƙyar Inna ta bari ta duba, shi ma don ta san kakar Ibado. Ta wanke, ta ba da ƙwayoyi. Da muka fito ta ce mini wannan ya fi ƙarfin jakarta. Ta ce in an kai Inna asibitin Erigabo yanzu, mai yiwuwa yatsan kaɗai za a rasa. In an bari abin ya hau, sai dai a yi maganar ƙasan gwiwa. In ya shiga jini kuma, ba ta ƙarasa ba, ta buɗe ƙofar mota. Tun a ɗaki ta ja layi da biro a bayan ƙafar, daidai inda ja da kumburi suka tsaya, ta ce in sa ido. Jiya da safe na duba. Ya ƙetare layin.

Za ki ce to me muke jira. Da farko na ɗauka tsoro ne, don kullum tana kawo zancen tsoho Fidow da aka kai shi da ƙafa biyu aka dawo da shi da ɗaya. Tsoron yana nan, amma akwai abin da ya fi shi. Ba ki ga yadda aka yi da kwalbar nan ba. Shekara da shekaru matan rumfa suna yi mata shaguɓe, wai 'yarta ta shiga ƙasar ƙanƙara zuciyarta ta daskare, wai ko hotonta a kan dutsen nan ba za a ƙara gani ba. Da kwalbar ta iso, Inna ta ɗauke ta cikin gyale ta kai rumfa ta ajiye a tsakiyar tabarma. Ta ce su duba, lubban ɗin da suke tsinta suna makancewa, 'yarta ce ta san abin da ake yi da shi a can. Ta ɗiga wa matar liman a auduga don ciwon kai, ta ɗiga wa Gwaggo don gwiwa, wadda ta taɓa yi mata gori kuwa ta ce mata ya ƙare. Yanzu ta ce in ta hau mota da ƙafa a naɗe, kafin ta kai Erigabo an ce Saharla ta aiko wa uwarta guba. Kuma kin san garin nan, babu gidan da ba shi da ɗan uwa a unguwarku, maganar za ta riga motar isa. Ta san kina tsaye dare duka kina juya tsofaffin mutane, ta san da cinikin man nan kike fatan barin aikin. Ta gaya wa Gwaggo, ni ba ta yi mini magana, wai yatsun ƙafa goma Allah ya ba ta, 'ya mace kuwa ɗaya. Ta ɗauka a yatsa abin zai tsaya. Na faɗa mata abin da Ibado ta ce, ta ce wa Gwaggo Ibado yarinya ce.

Babu wanda ban ɗauko ba. Kawu Jama ya zo ya yi mata faɗan ƙane, ta tuna masa ranar da ya yi fitsari a bayanta, ya tashi ya tafi. Liman ya zo ya yi nasiha a kan neman magani, ta ce ai magani take yi, ya tambayi matarsa. Har na yi tunanin in sungume ta in sa a mota ko tana so ko ba ta so. Na je na sami Awale, direban da ke sauka da buhunan lubban. Ya ce shi buhu yake ɗauka, buhu ba ya tsinuwa. Ya ce ba zai tayar da inji a kan hanyar nan mai gangara da uwa tana ɗaga hannu sama a gaban motarsa ba, ko da zan ba shi raƙumi. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da na tsaya a kanta na miƙa hannu, na kasa.

Shekaranjiya ne, da Gwaggo ta dame ta da kuka, ta ce to ta ji. Ta ce za ta tafi asibiti in Saharla da bakinta ta ce mata man nan ba zai warkar da ƙafar ba. Ta faɗi haka tana murmushi, don ta tabbata ba za ki faɗa ba. Amma ta faɗa a gaban Kawu da liman, kuma kin san Inna ba ta lashe maganarta.

To ga abin da nake roƙo. Motar Awale za ta sauka ranar Laraba da safe, ya yarda ya ajiye mata kujerar gaba. Kafin ya tashi zan ɗora ta a jakin Kawu in hau da ita tudu. A wurinku dare ne, na san kina wurin aiki, ki nemi wadda za ta riƙe miki na ɗan lokaci. Ki kira. Kada ki ce mata ta haɗa biyu, asibiti da mai. Kada ki ce wataƙila, kada ki ce a gwada a gani, kada ki soma da yabon lubban. In kika bar mata kafa ko kamar ta allura, ta nan za ta fice ta koma ɗaki. Ki ce mata a fili man nan ba ya warkar da irin wannan ciwo, ke ce kika yi kuskure da kika zuzuta shi. Ki ce kin cire muryarta daga shafinki, kuma ki cire ɗin da gaske kafin ki kira, don zan duba. Ki ce mata kin fi son a yi miki dariya a Miniyafolis da a kira ki a ce an yanke ƙafar uwarki. Na san abin da nake nema. Wasu matan za su tambayi ina tsohuwar da ta warke, wasu za su daina saye, waɗanda ba sa son ki za su sami na hira. Ba ni da abin da zan biya ki wannan da shi. Da zan iya faɗa a madadinki da na faɗa, amma na faɗa har muryata ta dushe, kuma a kunnenta maganata hayaniyar yaro ce.

Na gaji, Yaya. Na sauko daga dutse ina mafarkin in miƙe ƙafa in sha madarar raƙumi a inuwa, sai ga ni ina dafa ruwan gishiri ina leƙen layin biro. Itatuwan ma sun gaji, tun da aka fara neman mai ake tsaga su ba hutu, wasu sun daina zubar da komai. Amma wannan zancen wata rana ne. Ba ni da ƙarfin faɗa da ke a kan abu biyu. Abin da na faɗa na allon talla, ban janye duka ba, amma na san ba da mugun nufi kika yi ba. Kin aiko da abin da kika ga ya fi kyau a hannunki. In kin gama da Inna ranar Laraba, ki zage ni yadda kike so, zan riƙe wayar ba zan kashe ba.

Ki gaishe mini da Diriye, ki ce masa takalmin da ya aiko ya yi mini, da shi na yi aikin bana. Ki gaishe da Hodan da ɗan ƙaramin da ban taɓa ɗauka ba, ki ce musu suna da kawu a kan dutse. Kawu Jama da mai jego suna gaishe ku. Gwaggo Timiro ta ce in ce miki gwiwarta tana nan yadda take, amma ɗakinta yana ƙamshi.

Inna ta gan ni ina rubutu tun ɗazu. Karo na farko ke nan da ta yi mini magana kai tsaye tun ranar da muka yi faɗa. Ta tambaya ko ke nake rubuta wa, na ce e. Ta ce in gaishe ki da kyau, in ce Allah ya yi miki albarka. Ta ce in gaya miki ƙafa ta warke sarai, kada ki saurari kowa, kuma in da hali ki aiko da wata kwalbar don wannan ta kusa ƙarewa. Ta sa na rantse zan rubuta, ga shi na rubuta. Ina zaune a bakin ƙofarta, ta cika kasko da lubban har hayaƙi yana sa ni hawaye, amma daga nan ina jin warin ƙafar.

Laraba da safe, Yaya. Za mu kasance a kan tudu.

Ƙaninki,
Roble